Daga Kuɗin Fito Zuwa Kuɗin Gidan Waya

Jama'a, makiyaya da fatake, duk wanda ya taɓa kora shanu zuwa kudu ko ya tsallaka iyaka da kaya ya san hanya ma tana da nata rabon a cikin riba. Yau ƙannenku na Nima da Maamobi da Tudu a birnin Accra, masu tallar turare da man kaɗanya da kaftani a WhatsApp, suna kuka da tsadar aika kaya ta gidan waya. Kukan nan kakanninmu sun riga su yi.

A zamanin fataucin Gwanja, ayari kan tashi daga Kano zuwa Salaga da kanwa da tufafi, ya komo da goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. A bakin Kwara a biya kuɗin fito, kowace ƙasa aka ratsa a ba sarkinta nasa. Shi ya sa ba ka ganin mai jaki ɗaya ya kama hanya shi kaɗai. Sai a taru a bayan madugu, shi zai yi ciniki da masu karɓa a madadin kowa.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, goro ya fara yanke mata. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa kasuwar. Fatake suka watsu, wasu suka gangara bakin teku, zangunan Accra suka cika. Goro ya koma shiga jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka rungumi wannan hanya da wuri. Masu jakuna kuwa, ciniki ya bar su a baya. Nima kanta, kun ga, Bafulatani mai harkar shanu, Malam Amadu Futa, ya kafa ta a shekarun 1930.

A waccan shekara ta 1874 ce kuma aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a Bern, ƙasar Suwizalan. Tun 1969 aka tsara cewa ƙasar da ta aika ƙunshi za ta biya wadda ta kai shi ƙofar gida, daga baya kuma aka rage wa ƙasashe masu tasowa abin da suke biya. Wannan rangwame shi ya sauƙaƙa wa ƙaramin mai sayarwa. A Satumban 2019, bayan Amurka ta yi barazanar ficewa, aka amince a Janiba ta riƙa yanka nata farashin daga Yulin 2020. Daga 29 ga Agustan 2025 kuma ta soke yafe harajin kayan da ba su wuce dala 800 ba. Ga shi kamfanonin jirgin sama da dala ake biyansu, sidi kuwa ta faɗi warwas a 2022.

To, wa abin ya fi ci? Mai kwantena yana raba kuɗin hanya a kan kaya dubu. Matar da za ta aika kwalbar turare biyu ga mai saye a New York, a kan kwalba biyun nan za ta ɗora komai, har kuɗin aikawa ya zarce na kaya, mai saye ya fasa.

Don haka, ɗan'uwa, kafin ka faɗi farashi, auna kayanka, ka tambayi kuɗin hanyar yau, ka ware shi daban ga mai saye. Idan na Lome ne ko Kwatano, tambayi direbobin tashar Tudu tukuna. Idan na ƙetaren teku ne, ku haɗu ku biyar, ku goma, ku cika kwali ɗaya, amintacce ya karɓa can ya raba, a rubuta kayan kowa da sunansa don kwastan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare hanya.