Manyan mawaƙan rock: muryoyin da suka yi gogayya da ƙarar jita

Ƙungiyar kiɗan rock yawanci mutum huɗu ce ko biyar: mai jita, mai jitar bas, mai ganguna, wani lokaci da mai piyano, sai mawaƙin da ke tsaye a gaba riƙe da makirufo. Ƙungiyar ce ke da suna, saɓanin abin da aka saba a waƙar Hausa, inda makaɗa da ƴan amshi ke tafiya ƙarƙashin sunan ubangidansu. Duk da haka, idan masoya wannan kiɗa suka zauna hira, gardamar da ba ta ƙarewa ita ce ta wane mawaƙi ya fi. Sunayen da ake kawowa kusan ba sa canzawa: Robert Plant, Freddie Mercury, Ian Gillan, Roger Daltrey, Ozzy Osbourne, Ronnie James Dio, Bon Scott, Paul Rodgers, Steven Tyler. Mafi yawansu an haife su ne a shekarun 1940, kuma fiye da rabinsu a Birtaniya suka tashi.

"Classic rock" suna ne da gidajen rediyon Amurka suka yaɗa a shekarun 1980, suna nufin waƙoƙin rock da suka yi tashe daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa gaba. "Hard rock" kuwa reshe ne a ciki, wanda jitarsa ta fi kaushi, gangunansa suka fi nauyi, ƙararsa ta fi ta kowa.

Dalilin da ya sa suke ɗaga murya

Wanda ya fara jin waɗannan mawaƙa zai lura cewa maza ne ƙarti, amma suna rera waƙa da siririyar murya ta sama, har da kururuwa. Asalin abin na'ura ce. A 1962 Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a Landan, ya fara ƙera na'urar ƙara sautin jita, a 1965 kuma ya fito da mai ƙarfin wat 100 saboda makaɗa irin su Pete Townshend na ƙungiyar The Who suna neman ƙarin ƙara. Lasifikokin mawaƙa na lokacin ba su kai wannan ƙarfi ba. Ga shi kuma jita ta cika tsakiyar sauti, daidai wurin da muryar namiji take zama. Mawaƙin da ke son a ji shi sai dai ya hau samanta. An auna ƙarar Deep Purple a wani zauren Landan a 1972 ta kai desibel 117, ta The Who kuma ta kai 126 a filin ƙwallon Charlton a 1976.

Salon kansa ba Turawan Ingila suka ƙirƙiro shi ba. Kururuwar ta Little Richard ce da mawaƙan cocin baƙaƙen fatar Amurka, kaushin muryar na Howlin' Wolf ne da Muddy Waters. Sunan Rolling Stones ma, ƙungiyar da Mick Jagger ke yi wa waƙa tun 1962, daga wata waƙar Muddy Waters aka ɗauko shi.

Robert Plant

An haife shi ranar 20 ga Agusta 1948 a West Bromwich, kusa da Birmingham. Yana ɗan shekara 19 Jimmy Page ya ɗauko shi cikin sabuwar ƙungiyarsa, Led Zeppelin, tare da John Paul Jones da mai ganguna John Bonham. Faifansu na farko ya fito a Janairun 1969, kuma daga nan aka samu ma'aunin da ake gwada mawaƙan hard rock da shi: dogon gashi, riga a buɗe, murya mai iya sauka ta yi taushi kamar raɗa, ta tashi nan take ta tsaga zaure. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne musayar zance da jitar Page, jita ta faɗa, murya ta maimaita, har mai sauraro ya kasa rarrabe su.

Bashin da ke kansa na mawaƙan blues sai da ya kai gaban kotu. A 1985 Willie Dixon ya shigar da ƙara cewa baitocin "Whole Lotta Love" ta 1969 daga waƙarsa "You Need Love" aka kwaso su. An sasanta a wajen kotu, kuma yau sunan Dixon na cikin marubutan waƙar.

Bonham ya rasu ranar 25 ga Satumba 1980, ƙungiyar ta watse a Disambar shekarar. Abin da Plant ya yi bayan nan ne ya bambanta shi da tsararrakinsa. Tun farkon shekarun 1970 yake zuwa Maroko, tafiyar da ya yi a kudancin ƙasar ce ta haifar da baitocin "Kashmir", kuma ya sha ambaton Ummu Kulsum ta Masar cikin muryoyin da suka yi masa tasiri. A Janairun 2003 ya hau dandamali a Essakane, kusa da Tumbutu, a bikin Festival au Désert, shekarar da Ali Farka Touré da Tinariwen suka yi wasa a wurin. Mai jitar da ya raka shi, Justin Adams, shi ne ya tsara wa Tinariwen faifansu na farko. Daga baya ya ɗauki Juldeh Camara, ɗan Gambiya mai kaɗa riti, ɗan'uwan goge, cikin ƙungiyarsa.

Ranar 10 ga Disamba 2007 Led Zeppelin ta sake haɗuwa na dare ɗaya a zauren O2 na Landan, ɗan Bonham, Jason, yana kan ganguna. An nemi tikiti sau miliyan 20, zauren kuwa bai wuce mutum dubu 20 ba. An sassauto da sautin wasu waƙoƙin don su dace da muryar mai shekara 59. Plant ya ƙi yarda a zagaya duniya da wasan duk da kuɗin da ke ciki, ya koma ga faifan da ya yi da Alison Krauss, "Raising Sand", wanda ya ci kyautar Grammy biyar a 2009. Masoya da yawa sun ji haushi. Amma cikin mawaƙan zamaninsa kaɗan ne suka san lokacin da ya kamata su daina kwaikwayon ƙuruciyarsu kamar shi.

Freddie Mercury

Sunansa na yanka Farrokh Bulsara. An haife shi a Zanzibar ranar 5 ga Satumba 1946, iyayensa ƴan ƙabilar Parsi ne daga Indiya, a can kuma ya yi makarantar kwana. Juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya kori iyalin zuwa Ingila. A 1970 ya haɗu da Brian May da Roger Taylor suka kafa Queen, John Deacon ya shigo a 1971.

Mercury bai biyo hanyar blues kamar Plant ba. Opera da wasan dandamali suka fi jan hankalinsa. "Bohemian Rhapsody" ta 1975 ta kusa minti shida, ba ta da amshi, tsakiyarta muryoyin mutum uku ne aka ɗora bisa juna sau da yawa har suka zama kamar taron mawaƙa, amma ta yi mako tara a saman jerin waƙoƙin Birtaniya. A 1988 ya fitar da faifan "Barcelona" tare da mawaƙiyar opera Montserrat Caballé. Wani bincike da masanin murya Christian Herbst ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna cewa muryarsa ta magana mai kauri ce, kuma rawar muryarsa a waƙa tana kai kusan sau 7 a daƙiƙa, fiye da abin da aka saba ji. Binciken bai tabbatar da yawan faɗin muryar da masoyansa ke yayatawa ba.

Inda babu gardama shi ne iya riƙe taro. Ranar 13 ga Yuli 1985, a wasan Live Aid da aka shirya don tara kuɗi saboda yunwar Habasha, Queen ta samu kimanin minti 20 a filin Wembley. A tsakiya Mercury ya tsai da kiɗa, ya riƙa jan murya ba kalma, mutum dubu 72 suna amsa masa gaɓa bayan gaɓa. Watanni tara kafin nan kuwa ƙungiyar ta yi wasa a Sun City, a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, alhali Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar. Ƙungiyar mawaƙan Birtaniya ta ci su tara, kuma tabon bai goge ba. Mercury ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 1991, kwana ɗaya bayan ya sanar da duniya cewa yana ɗauke da cutar sida.

Ian Gillan na Deep Purple ana tuna shi da kururuwar da ke hawa mataki-mataki a "Child in Time" ta 1970, da kuma "Smoke on the Water", labarin gobarar da ta cinye gidan cacar Montreux a Suwizalan a Disambar 1971. Roger Daltrey ya shafe rayuwarsa yana rera baitocin da Townshend ya rubuta, yana wulwula makirufo da igiyarsa. Paul Rodgers na Free da Bad Company ba ya kururuwa sosai, shi ya sa mawaƙa ƴan uwansa ke yawan zaɓensa fiye da yadda jama'a ke yi.

Idan mawaƙi ya tafi

Ƙungiya na iya sauya mai bas, da yawa ba za su lura ba. Mawaƙi kuwa, a nan ake gane nauyinsa. Jim Morrison ya mutu a Paris ranar 3 ga Yuli 1971 yana da shekara 27, kabarinsa na maƙabartar Père-Lachaise. Sauran ƴan The Doors sun yi faifai biyu ba shi, suka haƙura a 1973. Queen ba ta taɓa naɗa magaji kai tsaye ba: da ta yi yawo da Paul Rodgers, daga baya da Adam Lambert, sai ta riƙa rubuta sunanta da alamar tarawa sannan sunan baƙon.

AC/DC ta Ostareliya ce ta karya wannan ƙa'ida. Bon Scott, haifaffen Sikotilan mai murya kamar ta ɗan tasha mai ba'a, ya mutu a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1980 bayan ya sha giya fiye da kima, yana da shekara 33, watanni kaɗan bayan "Highway to Hell" ta buɗe musu kasuwar Amurka. Cikin makonni ƴan uwan nan biyu, Malcolm da Angus Young, suka ɗauki Brian Johnson daga yankin Newcastle. A Yuli suka fitar da "Back in Black", bangonsa baƙi wuluk don makoki, yana farawa da bugun ƙararrawa. An ƙiyasta ya sayar da kwafi kusan miliyan 50. Har yau masoyan ƙungiyar kashi biyu ne, na Scott da na Johnson.

Haka rabuwar take a Black Sabbath. Ozzy Osbourne, ɗan unguwar ma'aikata ta Aston a Birmingham, ba gwanin murya ba ne a ma'aunin makaranta. Muryarsa siririya ce, ta hanci, sau da yawa tana bin sawun jitar Tony Iommi kawai. Sai dai akwai tsoro da kaɗaici a cikinta da suka dace da kiɗan, kuma ba a rikita ta da ta kowa. An zargi ƙungiyar da bautar shaiɗan, alhali mai rubuta yawancin baitocin, Geezer Butler, a gidan Katolika ya tashi, kuma "War Pigs" waƙar adawa da yaƙi ce. A 1979 aka kori Ozzy saboda shaye-shaye, aka kawo Ba'amurke Ronnie James Dio, gajere mai ƙatuwar murya, wanda ya ce busa ƙaho da ya koya yana yaro ne ya ba shi numfashi. Faifan "Heaven and Hell" na 1980 ya farfaɗo da ƙungiyar. Dio ne kuma ya yaɗa alamar ɗaga yatsu biyu da masoya wannan kiɗa ke yi, ya ce wajen kakarsa ƴar Italiya ya gani, tana korar mugun ido da ita. Ya rasu a 2010.

Ƙungiyar Journey ta bi wata hanyar: a 2007 mai jitarta Neal Schon ya ga wani ɗan Filifin, Arnel Pineda, yana rera waƙoƙin Steve Perry a YouTube, ya kira shi Amurka ya ba shi aikin.

Maƙogwaro da shekaru

Jita in ta tsufa ana sake mata tsirkiya. Waƙoƙin da aka tsara wa maƙogwaron ɗan shekara 25 kuwa, mai shekara 70 ne ake jira ya rera su yadda suke a faifai, dare bayan dare. Klaus Meine na Scorpions ta Jamus, wanda "Still Loving You" ta sa ya yi suna ƙwarai a Faransa a 1984, ya rasa muryarsa a 1981, sai da aka yi masa aiki a maƙogwaro kafin ya kammala faifan "Blackout". Gillan ya cire "Child in Time" daga wasanninsa shekaru da dama da suka wuce. A 2016 likitoci suka gargaɗi Brian Johnson cewa zai kurmance in ya ci gaba, Axl Rose na Guns N' Roses ya ƙarasa zagayen a madadinsa, shi kuma bai dawo ba sai a faifan "Power Up" na 2020. Steven Tyler ya ji rauni a maƙogwaro a Satumbar 2023, a Agustan 2024 Aerosmith ta sanar da cewa ta daina yawon wasa.

Ozzy, wanda cutar Parkinson ta hana tsayuwa, ya yi wasansa na ƙarshe ranar 5 ga Yuli 2025 a filin Villa Park, tafiyar ƙafa daga gidan da ya tashi. A zaune ya rera, kan wata baƙar kujera, tare da mutum ukun da suka kafa Black Sabbath da shi a 1968. Ya rasu ranar 22 ga watan, yana da shekara 76.