Amfanin hawan keke kullum ga mazauna Birnin Kano

Shekarun baya, keke ne abin hawan malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa a Kano. Samfurin Raleigh da Phoenix sun yi tashe kafin babur ya mamaye tituna. Bayan da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin zirga-zirga ya zama nauyi a kan mai albashi da mai shago. Wannan ne ya sa ake sake waiwayar keke.

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Wanda ke tuƙa keke minti 15 zuwa wurin aiki, ya kuma yi 15 a dawowa, kwana biyar a mako, ya cika wannan adadi ba tare da ya ware wani lokaci na daban ba. Irin wannan motsi na rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya, cututtukan da yawan zama a shago ko ofis ke taimaka wa. Kuma da yake sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, keke bai cika wahalar da gwiwa kamar gudu ba.

Tsarin cikin birni ma ya dace da shi. In ban da kewayen Dutsen Dala da Gwauron Dutse, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma lungunan Yakasai da Mandawari da Jakara, waɗanda mota ba ta iya ratsa da yawansu, keke na bi cikin sauƙi. Ɗan kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari, da ma'aikacin da ke fita ta Ƙofar Nasarawa zuwa Sakatariyar Audu Baƙo, duk tafiyarsu ba ta wuce 'yan kilomitoci ba. Abin da keke ke ci kuwa shi ne faci da iska da man kaca.

Ga sabon shiga ko wanda ya daɗe bai hau ba, ya kyautu ya fara da minti goma a wuri marar cunkoso, yana ƙarawa sannu a hankali. A daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. A duba birki da iskar taya kafin fita, a naɗe ƙafar wando da gefen riga don kada kaca ta kama. Hular kwano da fitila wajibi ne ga mai hawa manyan tituna, musamman inda A Daidaita Sahu ke tsayawa ba zato.

A lokacin bazara, fitar sassafe ta fi, tare da ruwan sha. Da hunturu kuma takunkumi na kare ƙura. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likita kafin ya fara, kuma duk wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya sauka nan take.