Gobarar Daji da Hotunan Sama

Tun zamanin kakanni, in damina ta wuce, ciyawa ta bushe, hunturu ya taso, sai wuta ta kama dajin Mabai da sauran ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Maharba kan cinna ta don su koro nama, makiyaya kuwa don shanu su sami sabon toho. Amma yawan abin da take ci, sai dai kintace.

A shekarar 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Landsat. Yana ɗaukar hoton ƙasa, ya komo kan wuri guda bayan kwana 18. Inda wuta ta bi, sai ya fito baƙi ƙirin. Wasu taurarin suka biyo baya, hotuna suka taru.

A 1998 zuwa 2015, in ji masanan da suka gwada hotunan a 2017, filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. To, kada mai karatu ya yi saurin murna. Raguwar ta fi yawa a ƙasashen ciyawa irin kudancin Katsina, babban dalili kuwa shi ne an sare daji an mai da shi gonaki. Wuta ba ta samun abin ci a gonar masara da aka girbe aka kwashe kara.