Yawan Warware Tambayoyi da Fahimtar Fiziks: Martani ga Wani Abokin Aiki

A wani taron malaman kimiyya da na halarta, wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da alli ya kafe a kan cewa maganin faɗuwar ɗalibai a darasin motsi, ƙarfi da makamashi guda ɗaya ne: a tara musu tsofaffin tambayoyin jarrabawa su yi ta warwarewa. A ganinsa fahimta bayan sabo take zuwa, kamar yadda ɗan koyon saƙa ba ya gane zare sai hannunsa ya faɗa. Ina ganin girmansa ƙwarai, amma a wannan batu ban yarda da shi ba, kuma abin ya dame ni domin ra'ayin nasa ne yake tafiyar da yawancin azuzuwanmu.

Ga abin da nake gani a aji duk shekara. Ka ce wa ɗalibi an cilla dutse sama da saurin mita 20 a sakan, ya nemo iyakar tsayin da zai kai. Kafin ka rufe baki ya rubuta fomula ya fitar da mita 20, daidai. Sai ka ce ya zana dutsen yana cikin hawa, ya nuna da kibiya duk ƙarfin da ke aiki a kansa. Zai zana kibiya biyu: ƙarama tana kallon ƙasa, babba tana kallon sama. Ka tambaye shi wa yake tura dutsen alhali ya riga ya bar hannu, ya ce ƙarfin jifan ne, idan ya ƙare dutse ya faɗo. In an ajiye batun iska, jan ƙasa kaɗai ke aiki a kan dutsen, kuma a kan wannan ne aka gina fomular da ya yi amfani da ita yanzun nan.

Wannan ba sakarci ba ne. Tunani ne tsoho, mai kama da abin da Ibn Sina da Buridan suka tafi a kai kafin Niyuton ya fitar da dokokinsa a 1687. Wani mai bincike, Clement, ya nuna a 1982 cewa mafi yawan ɗaliban injiniya da ya gwada a Amurka sun yi wannan kuskure da kwabon da aka cilla sama, har bayan sun gama darasin. Mu kuma harshenmu na yau da kullum yana ƙara masa gindin zama, domin kalmar ƙarfi ɗaya ta ɗauke abubuwa uku da fiziks ya rarrabe: turi ko ja, da makamashi, da saurin yin aiki.

Shin yawan tambayoyi yana kankare wannan? Kim da Pak sun bincika a Koriya ta Kudu, suka wallafa a 2002. Ɗalibansu sun warware kimanin tambayoyi 1,500 kowanne a matsakaici kafin shiga jami'a. Lissafi bai ba su wahala ba, amma tsofaffin kurakuran nan suna nan, kuma dangantakar yawan tambayoyin da fahimta ta fito da rauni. Hake ma a 1998 ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 daga kwasa-kwasai 62: inda ake lacca da aikin gida kawai, ɗalibai sun cike kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtar da suka shigo da shi, inda ake sa su muhawara da bayani, kashi 48.

Abokin aikin nawa yana da hujja biyu, kuma ba na raina ko ɗaya. Ta farko lokaci ce. A jarrabawar JAMB tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu, wato sakan 40 ga kowace. Wa zai tsaya zanen kibiya? Amsata ita ce fahimta ce take rage lokaci. A ce yaro ya sulɓo daga gangare marar gogayya mai tsayin mita 5, ana neman saurinsa a ƙasa. Wanda ya haddace nau'in tambayoyin gangare zai shiga neman kusurwa da tsawon gangaren, in ba a bayar ba ya ce tambayar ba ta cika ba. Wanda ya gane cewa makamashin tsayi ne ya koma na motsi, layi ɗaya ya ishe shi: mita 10 a sakan, ko yaya gangaren ya karkata. Wannan shi ne bambancin da Chi da abokan aikinta suka gano a 1981: sababbin shiga suna kasa tambayoyi bisa kamanninsu, wannan ta gangare, waccan ta igiya, ƙwararru kuwa bisa dokar da za ta warware su.

Hujjarsa ta biyu ta fi nauyi. Ya ce ɗan koyo ba shi da abin da zai yi muhawara da shi, a nuna masa hanya tukuna. A nan yana da goyon bayan bincike: Sweller da Cooper a 1985, sannan Kirschner, Sweller da Clark a 2006, sun nuna cewa misalin da aka warware daki-daki ya fi amfani ga mafari a kan a bar shi yana lalube. Na karɓi wannan. Sai dai a lura, binciken ya fifita nazarin misali a kan jibga tambayoyi ne, saboda haka shi ma bai goyi bayan tulin tsofaffin takardun jarrabawa ba. Kuma Chi ta sake nunawa a 1989 cewa waɗanda suka ci moriyar misalan fiziks su ne masu tsayawa suna bayyana wa kansu dalilin kowane mataki.

Dole ni ma in rage da'awata. Ɗaliban Kim da Pak 27 ne kacal, kuma malaman da ke cikin binciken Hake su ne suka miƙa sakamakonsu da kansu, ba ƙuri'a aka jefa ba. Don haka ba zan ce atisaye ba shi da amfani ba. Wanda hannunsa bai faɗa da aljabara ba zai yi tuntuɓe ko da ya fahimta. Abin da nake ganin hujja ta tabbatar ƙarami ne: amsar lamba da ta fito daidai ba ta isa shaidar fahimta ba, kuma ƙara yawan irin tambayar ba ya gyara abin da tambayar ba ta taɓa ba.

Shi ya sa a ajina ba na karɓar fomula sai an zana abin, an sa kibiyoyi, an faɗi wanda yake turi ko jan kowace. Nakan fara da guga. Ana jawo shi daga rijiya da sauri ɗaya, ba ƙari ba ragi: jan igiya da nauyin guga, wanne ya fi? Kusan kowa yakan ce igiya, tunda sama yake tafiya. Sai in bar su su yi gardama a junansu har wani ya tuna cewa in ja ya fi nauyi, saurin gugan ƙaruwa zai yi ta yi. Tambayar nan ɗaya takan cinye mana rabin darasi, a lokacin da abokin aikina zai iya warware goma.