Yadda Likitocin Otizim Suka Ga Jiki, Suka Kau da Kai

A shekarar 1925, a birnin Mosko, wata likitar ƙwaƙwalwar yara mai suna Grunya Sukhareva ta buga bayanin yara maza shida da take kula da su a wata makarantar jinya. Yaran ba sa shiga cikin sa'o'insu, maganarsu daban take, kowannensu da abin da ya ƙwallafa rai a kai. Duk wanda ya karanta bayanin a yau zai gane otizim ne, lalurar da kafafen labarai ke kira galahanga, ko da yake ita ba da wannan suna ta kira shi ba. Cikin abin da ta lura da shi akwai wanda ta ba wa wuri mai faɗi, shi ne jikin yaran: tafiya ba saiti, motsi a ƙage ko a fizge, fuska ba ta rakiyar magana. Har ta yi hasashen cewa ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, mai daidaita motsi, tana da hannu a lamarin. Ba abin mamaki ba ne, domin a Moskon wancan zamani auna motsin yara sana'a ce mai daraja. A can ne wani mai suna Oseretsky ya fito da gwajin sarrafa gaɓɓai a 1923, wanda aka gyara, ake amfani da shi har gobe. Yau kimanin shekara ɗari ke nan, amma rashin saitin jiki ba ya cikin sharuɗɗan da likita ke bi ya ce yaro yana da otizim. Likitocin farko sun ga abin da idonsu, sun rubuta shi da hannunsu. Sana'ar ce daga baya ta ture shi gefe, kuma dalilan turewar na tsarin sana'ar ne, ba na yaran ba.

Kafin a shiga tarihin sai an san abin da ake magana a kai. Mace tana tafe da tulu a ka, tana hira, ba ta kallon ƙafarta, ba ta kallon tulun, amma wuya da ƙugu da ƙafa kowanne ya san aikinsa. Abin da ya sa haka shi ne akwai 'yan jijiyoyi a cikin tsoka da gaɓɓai masu kai wa ƙwaƙwalwa rahoton inda kowace gaɓa take da irin ƙarfin da ta sa, cikin kunne kuma akwai sashe mai lura da karkata da juyawa. Charles Bell na Birtaniya ya yi bayanin wannan ji na tsoka a 1826, Charles Sherrington kuma ya ba shi matsayinsa a ilimin jijiya a 1906, ya raba shi da wani ji na daban, wanda ke sanar da mutum yunwa, ƙishirwa da matsuwar fitsari. A wurin masu otizim da yawa wannan aiki ba ya tafiya sumul. Yaro ya danna fensir har ya karye, ko ya riƙe kofi sako-sako ya ɓarar. Ya ci karo da ƙofa a ɗakin da ya girma a ciki. Ya yi tafiya a kan yatsun ƙafa. Maɓallin riga ya gagare shi alhali yana karatu sarai. Wani binciken da aka yi a Baltimore a 2009 ya nuna cewa idan irin waɗannan yara suna koyon sabon motsi sukan dogara da jin gaɓɓai fiye da kima, su rage dogaro da ido. Wato sau da yawa rahoton yana isowa, wurin haɗa shi da na ido da kintata abin da zai biyo baya ne ake samun tangarɗa.

Leo Kanner, wanda aka fi jingina wa gano otizim, ya buga bayanin yara goma sha ɗaya a 1943 daga asibitin Johns Hopkins a Amurka. Shi ma ya rubuta cewa wasunsu tafiyarsu da manyan motsinsu ba su da kyau, ko da yake ya yaba ƙwarewar yatsunsu. Ya kuma kawo wani abu da iyaye suka gaya masa: jariri yakan shirya jikinsa idan ya ga za a ɗauke shi, ya kuma lafe a jikin mai ɗauka, amma waɗannan ba sa yi. Wannan magana ce ta jiki tsantsa, sai dai Kanner ya karanta ta a matsayin shaidar cewa yaron ba ya neman mutane. Shekara guda bayansa Hans Asperger a Biyana ya kawo yara maza huɗu, kuma rashin saitin jiki ya bi bayanin nasa daga farko har ƙarshe: mugun rubutu, kasa cafe ƙwallo, kasa bin sahu a wasan motsa jiki. Sunan Asperger ya ɓaci tun da aka tono haɗin kansa da hukumomin Nazi, amma wannan bai goge abin da ya gani ba. Likitoci uku, a ƙasashe uku, cikin shekara ashirin, duk sun ga abu ɗaya.

To me ya faru? Na farko, otizim ya faɗa hannun masu nazarin zuciya na tafarkin Freud, waɗanda suka mamaye likitancin ƙwaƙwalwa a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A wurinsu kowane motsi saƙo ne daga zuciya. Yaron da ya sandare a hannun uwarsa gudun ta yake yi, wanda ke jijjiga jiki kuwa ya rufe kansa ne daga duniyar da ta ƙi shi. Bruno Bettelheim na Chicago ya kai wannan ra'ayi ƙololuwa a littafinsa na 1967, inda ya ɗora laifin a kan iyaye mata. Wanda ya yarda da haka ba shi da dalilin auna yadda yaro ke tsayuwa da ƙafa ɗaya. An rushe wannan ra'ayi: Bernard Rimland ya kawo hujjar cewa abin daga ƙwaƙwalwa yake a 1964, binciken tagwaye na Folstein da Rutter a 1977 kuma ya nuna ƙarfin gado. Sai dai ko da aka wanke iyaye, jiki bai koma mazauninsa ba. Lorna Wing da Judith Gould, bayan binciken da suka yi a unguwar Camberwell ta Landan a 1979, sun tsayar da otizim a kan ƙafa uku: mu'amala, sadarwa, da tunanin kwaikwayo tare da maimaita hali. Wing kanta ta rubuta a 1981 cewa akasarin waɗanda ta gani ba sa iya wasannin da ke buƙatar saitin jiki, amma wannan bai shiga ƙafafun uku ba. Daga 1985 kuma hankalin masu bincike ya koma kan ra'ayin cewa matsalar ita ce kasa gane abin da ke ran wani.

Dalili na biyu ya fi wannan sauƙi, rabon aiki ne. Likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayya su ke riƙe da alƙalamin tantancewa, tafiya da riƙo kuwa aikin likitan jijiya ne da likitan gashin ƙashi. Kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM, ya shigar da otizim a bugunsa na 1980, ya kuma shigar da lalurar rashin saitin jiki a matsayin abu mai zaman kansa a 1987. Bugun 1994 sai ya ce ba a rubuta wa yaro wannan lalurar idan yana da otizim. A takarda hikimar ita ce kada a ƙirga abu ɗaya sau biyu. A aikace kuwa sai aka daina ƙirga shi gaba ɗaya, domin ba ya cikin sharuɗɗan otizim, kuma an hana shi sunansa na kansa. A ƙasashen da inshora da makaranta ke biyan kuɗin jinya gwargwadon abin da likita ya rubuta, abin da ba shi da suna ba shi da kasafi.

Waɗanda suka riƙe maganar jiki a waɗannan shekaru 'yan gefe ne a sana'ar. Ornitz da Ritvo a Los Angeles sun ce tun 1968 tushen abin a wajen sarrafa ji yake. Damasio da abokan aikinsa sun auna tafiyar yaran a 1981 suka ga tana kama da ta masu cutar Parkinson. Bauman da Kemper a 1985 sun duba ƙwaƙwalwar mamaci mai otizim suka tarar da ƙarancin wasu ƙwayoyi a ƙaramar ƙwaƙwalwa, inda Sukhareva ta nuna da yatsa shekara sittin kafin nan. Sai Jean Ayres a Kalifoniya, mai horar da marasa lafiya kan ayyukan yau da kullum, wadda ta cika ɗakin jinyarta da lilo da abubuwan hawa, ta kuma rubuta littafinta na farko a kan haɗa ji a 1972. Sannan masu lalurar da kansu suka fara magana. Temple Grandin ta ga yadda shanu ke natsuwa idan aka matse su a cikin keji a gonar gwaggonta a Arizona, ta ƙera wa kanta irinsa tana budurwa, ta bayyana hakan a littafinta na 1986.

Masu kare tsarin kundin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce sharaɗin tantancewa dole ya bambanta lalura da wata, rashin saitin jiki kuwa ana samun sa a yara masu rashin natsuwa, da masu jinkirin fahimta, da waɗanda ba su da komai. Sannan ba kowane mai otizim ke da shi ba, akwai masu zane da masu kiɗa da yatsunsu ba sa kuskure. Gaskiya ne. Amma tambayar da wannan hujja ta amsa ita ce yadda za a gane otizim, ba abin da ke wahalar da mai shi ba, kuma sana'ar ta daɗe tana haɗa biyun. Wani bincike a Ingila a 2009 ya sami matsalar motsi tabbatacciya a kashi 79 cikin ɗari na yaran da aka auna. Wani a Yammacin Ostireliya, a kan yara sama da dubu biyu, ya gano kusan kashi 35 suna da ita, amma likitocin da suka tantance su sun rubuta ta ga kusan kashi ɗaya kacal. Alƙaluman sun bambanta saboda ma'aunin ya bambanta, sai dai ko an ɗauki mafi ƙanƙanta, tazarar da ke tsakanin abin da ke akwai da abin da aka rubuta ba ta da kariya.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: an yi ɓarna da sunan jiki. A farkon shekarun 1990 wata dabara ta yaɗu daga Ostireliya zuwa Amurka, wadda ta ce yaron da ba ya magana hannunsa ne kawai ba ya bin umarninsa, don haka mataimaki ya riƙe hannun yana buga haruffa. Da aka gwada, aka nuna wa yaro hoto ɗaya mataimaki wani daban, sai amsar ta riƙa fitowa daga abin da mataimakin ya gani. Kafin a gane haka an zargi wasu iyaye da lalata da 'ya'yansu bisa irin wannan rubutu. Ita ma hanyar Ayres, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2012 hujjar amfaninta taƙaitacciya ce, gwajin bargo mai nauyi a Ingila a 2014 kuma bai nuna ya ƙara wa yara barci ba. Duk wannan dalili ne na tsananta bincike a kan magani. Bai zama dalilin musanta ciwon ba. Ana ma iya cewa sakacin manyan likitoci ne ya bar filin ga masu sayar da abin da ba a gwada ba, tunda uwar da ta ga ɗanta yana faɗuwa kullum, likita kuma ya ce wannan ba huruminsa ba ne, za ta je wurin wanda zai saurare ta.

Akwai kuma abin da rabon aikin ya ɓoye: mu'amalar ƙaramin yaro da jiki ake yin ta. Nuni da yatsa, ɗaga hannu, kwaikwayon tafi, juyowa idan an kira, shiga wasan guje-guje, kai har furta kalma, duk motsi ne mai buƙatar saiti da lokaci. Yaron da kullum shi ake bari a baya a wasa zai daina zuwa, mai tantancewa kuma ya rubuta cewa ba ya sha'awar sa'o'insa. Wannan ba ya nufin jiki ne tushen otizim duka, amma ya isa ya nuna katangar da aka gina tsakanin motsi da mu'amala ta ofis ce.

Bugun DSM na 2013 ya gyara rabi. Ya shigar da yawan ji ko ƙarancinsa cikin sharuɗɗa, ya kuma halatta a rubuta wa mutum ɗaya otizim da rashin saitin jiki tare. Sai dai har yanzu ba a wajabta wa mai tantancewa ya auna motsi ba. Saboda haka duk iyayen da za su kai yaro a duba shi, su roƙi likita ya sa shi ya yi tafiya, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya cafe ƙwallo, ya riƙe fensir, kuma ya rubuta abin da ya gani a cikin katin.