Daga Gidan Yari zuwa Gidan Gyaran Hali: Abinci, Iska da Mutuwa a Kurkukun Arewacin Nijeriya

A shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Daular Sakkwato suka yi aiki da ita tun bayan jihadin 1804, ɗauri bai kasance babban hukunci ba, domin manyan laifuffuka suna da haddi, wato hukuncin da nassi ya ƙayyade, ko kuma ƙisasi da diyya, sauran kuwa akan bar su ga ta'aziri, wato horon da alƙali ko sarki ya ga ya dace, wanda kan zama bulala ko tara ko tsarewa ta wani lokaci. Saboda haka kurkukun wancan zamani wurin ajiya ne, inda akan zuba wanda ke jiran hukunci, da ɗan leƙen asiri, da bawan da ubangijinsa ya kai ƙara, da wanda sarki ya yi fushi da shi. A masarautu da dama mai riƙe da wannan wuri shi ake kira Yari, kuma daga sarautarsa aka sami sunan gidan yari. Tun daga wancan lokaci har zuwa yau abubuwa uku ne suka fi yanke hukuncin ko ɗaurarre zai fito da ransa: faɗin ɗakin da aka rufe shi, da abin da ke shiga cikinsa, da ko yana da wani a waje mai tambayar labarinsa. Hukuma mai riƙe da mabuɗi ta sauya sau da yawa, amma waɗannan abubuwa uku ba su daina kisa ba.

Baturen yawon bincike Hugh Clapperton, wanda ya rasu a kusa da Sakkwato a 1827 a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bar bayanin kurkukun birnin, inda ya ce a tsakiyarsa akwai rami mai zurfi da akan jefa masu manyan laifuffuka, kuma kullum akan fito da ɗaurarru biyu-biyu su yi aikin ganuwa. Abin da ya fi muhimmanci a bayaninsa shi ne abinci: dusar gero da ta dawa da ruwa ne rabonsu, sai dai an yarda dangi su kawo musu tuwo daga gida. Ma'anar wannan ita ce hukuma ta ɗauki nauyin tsarewa, ta bar nauyin ciyarwa a kan zumunta, don haka ɗan gari mai 'yan'uwa yana iya daɗewa a raye, amma baƙo da bawa da wanda danginsa suka guje shi ba su da abin da zai tsaya tsakaninsu da yunwa. A Kano ma masana tarihin bauta sun nuna cewa gidan Ma'ajin Watari ne wurin da iyayengiji kan kai bayin da suka ƙi biyayya domin a hore su, kuma irin waɗannan bayi su ne mutanen da ba wanda zai kai musu akushi.

Bayanin da ya fi shahara shi ne wanda Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya rubuta bayan sojojin Ingila sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. A cewarsa kurkukun ɗakuna biyu ne, kowanne tsawonsa ƙafa 17, faɗinsa ƙafa 7, babu taga ko kafar iska in ban da ƙaramar ƙofar da sai an durƙusa ake shiga, kuma mutum 135 ake rufewa a ciki kowane dare, wani lokaci ma har 200. Idan aka raba wannan fili ga mutum 135, kowa bai sami murabba'in ƙafa 2 ba, wato ko wurin tsayuwa bai wadatar ba, balle na kwanciya. Ya ƙara da cewa a gindin bangon da ya raba ɗakunan akwai ramukan da akan zura ƙafafun waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, kuma da safe akan jawo gawarwakin waɗanda aka danne cikin dare. Wajibi ne a karanta wannan bayani da lura, domin Lugard ya rubuta shi ne yana neman ya gamsar da gwamnatin Landan cewa yaƙin da ya kai wa Kano da Sakkwato yana da hujja, kuma mai neman hujja yakan zaɓi mafi munin abin da ya gani. Amma manufar marubuci ba ta isa ta wanke ginin ba, kuma zai zama rashin adalci ga waɗanda suka mutu a cikinsa a watsar da shaidar don kawai ta fito daga bakin mai mamaya.

Abin da rahotannin Turawa ba su cika jaddadawa ba shi ne mulkinsu ne ya mai da ɗauri hukuncin yau da kullum. Da suka hana yanke hannu da sauran hukunce-hukuncen da suka ce sun saɓa wa tausayi, sai alƙalai suka koma yanke watanni da shekaru, kuma sababbin laifuffuka suka ƙaru, kamar cinikin bayi da ƙin biyan haraji da saɓa wa dokokin tsafta. Aka sami tsari iri biyu a Arewa: 'yan ƙalilan na kurkukun gwamnati, irin na Lakwaja da Kaduna da Jos, da kuma gidajen yari masu yawa na En'e, wato hukumar gargajiya ƙarƙashin sarki, waɗanda ake ciyarwa daga baitulmali, wato asusun masarauta. An yi sababbin gine-gine, kamar na Kurmawa a Kano wanda aka gina a 1910, aka soma ajiye littafin shiga da fita, aka ƙayyade ma'aunin hatsi da gishiri ga kowane fursuna, aka kuma ɗora wa Di'o, wato jami'in mulki na Turawa, da likitan gwamnati alhakin kai ziyara. Wannan ci gaba ne na gaske, musamman rubuta sunan wanda ya mutu, domin mutuwar da aka rubuta ana iya tambayar dalilinta.

Sai dai likitoci ba su da yawa, kuma aikinsu na farko shi ne kula da Turawa da sojoji da ma'aikata, ga shi gidan yarin da ke nesa da hedikwatar lardi yana iya daɗewa bai ga likita ba. Cututtukan da suka addabi ɗaurarru su ne waɗanda cunkoso ke renonsu. Atuni, wato gudawar da ke zuwa da jini da majina, yana yaɗuwa ne idan ruwan sha da bokitin bayan gida suka haɗu a ɗaki ɗaya. Ciwon huhu yakan kama wanda ya kwana a ƙasa babu bargo cikin hunturu. Sanƙarau, wanda ke kumbura rigar ƙwaƙwalwa, yana bin numfashi a rufaffen ɗaki lokacin rani. Zazzaɓi mai komowa kuwa, wanda ya yi ɓarna a Arewa a shekarun 1920, ƙwarƙwata ce ke ɗaukarsa daga jiki zuwa jiki. A kan wannan aka ɗora aikin ƙarfi, domin fursunoni ne ke sharar gari da yankan ciyawa da gyaran hanya da kwasar bahaya, kuma jikin da ke aiki a kan abinci maras maiƙo da nama ba ya jure ko ƙaramar cuta. Tsakanin ma'aunin da aka rubuta a takarda da abin da ya isa kwanon fursuna akwai hannun ɗan kwangila da na mai ajiya da na gandiroba, wato mai gadin ɗaurarru, kuma kowane hannu yana iya rage wani abu. Gabza, sunan da aka san abincin kurkuku da shi, bai taɓa zama sunan yabo ba a bakin Bahaushe.

A shekarun 1950 siyasar jam'iyyu ta fito da wani aibi da ke cikin tsarin, wato kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk suna hannun hukuma ɗaya, kuma wannan hukuma tana da ɓangare a siyasa. 'Yan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a ranar 8 ga Agusta, 1950, sun sha ɗauri da bulala bisa tuhumar yin taro ba izini ko zagin sarauta, kuma Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure fiye da sau goma, ta zama shaida a kan abin da mace kan gani a bayan waɗannan katangu. Shigar 'yan siyasa ta yi wa talakan fursuna amfanin da ba a yi niyya ba, domin a karon farko masu baki da jarida sun kwana inda yake kwana. Bayan juyin mulkin 1966 kwamitin da Yusuf Gobir ya shugabanta ya ba da shawarar a karɓe 'yan doka, wato 'yan sandan gargajiya, da gidajen yari daga hannun En'e, a 1968 aka haɗe kurkukun ƙasar a ƙarƙashin gwamnatin tarayya, sannan Doka ta 9 ta 1972 ta shimfiɗa musu tsari guda.

Haɗewar ta raba sarki da mabuɗi, amma ta haifar da wata matsala da har yanzu ba a warware ba: kotunan jihohi ne ke tura mafi yawan mutane kurkuku, gwamnatin tarayya kuma ke biyan kuɗin ciyar da su, don haka mai cika ɗaki ba ya jin nauyin cikarsa. Lamarin ya tsananta a shekarun 1980, lokacin da dokokin soja na tsarewa ba tare da shari'a ba suka haɗu da tsuke bakin aljihun da aka soma a 1986, abinci da magani suka yi ƙaranci, tarin fuka da ƙazuwa da kumburin yunwa suka zama ruwan dare. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO, wadda aka kafa a Legas a 1987, ta fitar da rahoto a 1991 da ya tona yadda ake mutuwa a gidajen kurkukun ƙasar. Mutuwar da ta fi girgiza Arewa ita ce ta Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda aka kama a 1995 bisa zargin juyin mulki, ya kuma rasu a ranar 8 ga Disamba, 1997, yana ɗaure a Abakaliki, nesa da iyalinsa da likitocinsa, cikin yanayin da ya jawo zargi mai nauyi a kan gwamnatin lokacin. Idan mutumin da ya taɓa zama na biyu a mulkin ƙasa bai sami kariya ba, ana iya kwatanta halin wanda ko sunansa ba a sani ba a wajen ƙauyensu.

Mafi girman tushen cunkoso a yau shi ne masu jiran shari'a, waɗanda suka kai kusan kashi biyu cikin uku na mazauna kurkukun Nijeriya, mutanen da doka ke ɗauka marasa laifi, amma wasunsu kan shafe shekarun da suka zarce hukuncin laifin da ake tuhumarsu da shi, saboda fayil ya ɓace ko babu motar kai su kotu ko babu lauya. Batun ciyarwa ma bai gushe ba, domin a Disamba 2023 shugaban hukumar kula da gidajen yari ta ƙasa ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa naira 750 ake kashewa a kan abincin fursuna a rana, karen tsaro kuwa naira 800, kuma ko da aka ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125 daga baya, tsadar hatsi ta riga ta cinye ƙarin. Dokar da aka yi a 2019, wadda ta mai da sunan hukumar zuwa ta gyaran hali, ta zo da abin da ya fi sauyin suna amfani: ta wajabta wa shugaban hukumar a jiha ya sanar da babban alƙali da sauran hukumomin shari'a idan gida ya cika, ta ba jami'i ikon ƙin karɓar sabon fursuna idan ba a ɗauki mataki ba, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima. A Maris 2023 aka gyara kundin tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa nasu gidajen gyaran hali tare da na tarayya, wanda ke nufin jihar da ta zaɓi yin haka za ta riƙa biyan kuɗin abinci da magani da likita na mutanen da kotunanta suka tura, daga cikin kasafinta.