Zaburar da Jijiya da Maganaɗisu don Ciwon Gwiwar Hannu

Zaburar da jijiya da maganaɗisu hanya ce ta jinya wadda ba a tsaga fata ko soka allura a cikinta, kuma ana gwada ta a kan ciwon gefen waje na gwiwar hannu, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan wasan tanis, ko da yake kafintoci da mahauta da masu fenti ma suna fama da shi. Ciwon yana tasowa ne idan yawan murɗa hannu ya gajiyar da igiyar da ta ɗaure tsokokin miƙe wuyan hannu da ƙashi.

Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan wurin, sai ta riƙa sakin bugun maganaɗisu wanda ke ratsa fata ya haifar da 'yar wutar lantarki a cikin jijiyoyi, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Masana a Jami'ar Sheffield ta Ingila ne suka ƙera na'urar zamani ta wannan aiki a shekarun 1980. A ciwon gwiwar hannu, manufar ita ce rage zogi, amma hutar da hannu da atisayen ƙarfafa tsoka su ne har yanzu ginshiƙin jinya. Ba a yi wa mai na'urar daidaita bugun zuciya wannan magani.